Yadda A Ke Neman Ciwon Fitilun Fakin Na Tsohuwar Mota

Kai mai karatu, ko direba ne kai, ko yaron mota, ko kuwa mai motar da kanka, ka san abin da a kan yi in babbar mota ta lalace a hanya. Direba ya kan raɓa da ita gefe, a sa waigi, yaron mota ya shiga daji ya karyo ganye ya jera bisa kwalta. Da rana ganyen nan ya kan yi amfani. Amma da dare fa, cikin hunturu, hazo ya rufe ƙasa? Ga mai ƙaramar mota ya taso daga Funtuwa za shi Zariya, fitilun wata mota sun kashe masa ido, ba ya ganin ganye, ba ya ganin motarka, sai ya ji shi ƙarƙashin bodinta. Abin da zai cece shi, ya cece ka, jajayen fitilu ne guda biyu, ƙwan da ke cikin kowacce bai kai girman goro ba.

Fitilun nan su a ke kira fitilun fakin. Akwai biyu ƙanana farare a gaba, da biyu jajaye a baya, watau danja, da guda mai haska lamba. Ƙananan ƙwayayen da ke haska agogunan gaban direba su ma a kan layin su ke. In ka murɗa makunnin fitila sau ɗaya, su ne ke kamawa, ko da mabuɗi ba ya jikin mota. An yi haka da gangan, don mota ta kwana a tsaye fitilunta na ci.

Motocin da mu ke magana a kansu tsofaffi ne, irin su Bedford, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1931, da Mercedes mai gajeren hanci, irin su 911, wadda danginta suka fara fitowa a Jamus a 1959. A farkon shekarun 1980 aka soma harhaɗa manyan motocin Mercedes a Enugu. Da yawansu har yau suna ɗaukar hatsi, da itace, da yashi. Wutarsu ba ta da wuyar ganewa, gama ba wata na'ura mai ƙwaƙwalwa a cikinsu. Batir ne, da makunni, da fis, da waya, da ƙwai. Wanda ya iya karanta wannan ɗan littafi ya iya koyon gyaransu.

Tafiya da komowa

Abu guda za ka riƙe, sauran duk a kansa su ke. Wutar lantarki kamar manzo ce wanda ba ya yarda ya fita gida sai ya tabbata hanyar komowa a buɗe ta ke. Ta kan tashi daga kan batir ɗaya, ta bi waya zuwa makunni, ta ratsa fis, ta bi wata waya zuwa ƙwai, ta ratsa siririn zaren da ke cikinsa har ya yi zafi ya ba da haske, sa'an nan ta koma ɗaya kan batir. In hanya ta yanke ko'ina, wajen tafiya ko wajen komowa, ƙwai ba zai kama ba.

To, wayar tafiya kana ganinta. Ina ta komowa? A yawancin fitilun tsohuwar mota babu ita. Masu ƙera mota sun yi tattalin waya, suka ɗaure kan batir ɗaya a ƙarfen jikin mota da wata waya mai kauri, sa'an nan kowace fitila suka ɗaure ta da noti a jikin ƙarfe. Ƙarfen motar da kansa shi ne hanyar komowa. Sa'ad da mota ke sabuwa dabarar nan ba ta da aibu. Amma mota ta sha damina talatin ko arba'in, ta sha laka, ta sha ƙurar hunturu, tsatsa ta shiga tsakanin noti da ƙarfe. Tsatsa kuwa ba ta ba wuta hanya, haka fenti, haka roba, haka katako.

Ka lura da wannan na ƙarshe, don ya shafe mu ƙwarai. A ƙasarmu kafintoci su kan yi wa babbar mota bodin katako. Sau da yawa a kan cire danja daga ƙarfen da aka ɗaure ta tun asali, a kafa ta a jikin katako don ta fi fitowa fili. Fitilar da ke jikin katako ba ta da hanyar komowa, sai an ja mata waya ta musamman zuwa ƙarfe. Wayar nan ita ce ta kan tsinke, ko ta ruɓe, ba wanda ya kula, don kowa wayar tafiya ya ke dubawa. Na taɓa ganin direba ya sayi ƙwai sabo, ya sayi makunni sabo, ya kwana biyu a gareji da lodinsa, ashe ƙusa guda ce ta saki a bayan katako.

Fitilar gwaji

Ido ba ya ganin wutar lantarki, saboda haka kana bukatar abin da zai gaya maka inda ta ke. Ka iya haɗa shi da kanka. Nemi ƙwan fitila ƙarami mai lafiya da gidansa, da waya biyu, kowacce kamar kamu biyu. Ɗaura ɗaya a ɗan tagullan da ke taɓa gindin ƙwai, ɗaya a jikin gidan. Bakin waya ɗaya sa masa ɗan maƙali mai haƙora, ɗaya kuwa naɗa shi a ƙusa, ka rufe mahaɗin da baƙin tef. Ka maƙala mai haƙoran a ƙarfen mota mai tsabta, ka riƙa taɓa wurare da bakin ƙusa. Inda ƙwai ya kama, wuta ta iso nan. Inda bai kama ba, ba ta iso ba. Kafin ka fara aiki, gwada ta a kan batir tukuna, kada ka yini kana bin shaidar mataccen ƙwai.

Yanzu a kasuwa akwai mita mai nuna lamba, tana da amfaninta. Amma a ganina, wajen wannan aiki fitilar gwaji ta fi ta gaskiya. Mita ba ta jan wuta sai ɗan mitsitsi, don haka ko ta cikin mahaɗin da ya yi tsatsa sai ta nuna maka 12, ka ce lafiya lau. Ƙwai kuwa sai ya ci wuta sosai ya ke haske. In hanya ta ƙuntata za ka ga ya yi ja kamar garwashi.

Duba jikin ƙwan motarka, za ka ga rubutu kamar haka: 12V 5W, ko 24V 5W. Lambar da ke tare da harafin V ƙarfin turin wuta ce, sunan ma'auninsa bolt. Wadda ke tare da W yawan cin ƙwan ce, sunan ma'auninsa wat. Waɗansu manyan motoci 12 ne, waɗansu 24, watau batir biyu aka jera a jere. Kada ganin batir biyu ya ruɗe ka, gama akwai tsofaffin motocin Jamus da ke tayar da inji da 24 amma fitilunsu 12 ne. Ƙwan da ke ciki shi zai gaya maka. In ka sa ƙwan 12 a motar 24, zai yi wal sau ɗaya ya mutu. In ka sa na 24 a motar 12, zai kama, amma haskensa ba zai kai ko'ina ba.

Kafin ka shiga ƙarƙashin mota, ja birkin hannu, sa waigi gaba da baya, cire zobe da agogon ƙarfe. Zobe in ya haɗa kan batir da ƙarfe ya kan yi zafi nan take ya ƙone yatsa. Kada a sha taba kusa da batir, don yana fitar da wata iska mai kamawa da wuta. Kada kuma ka yi irin gwajin nan na karta waya a jikin ƙarfe don a ga tartsatsi. Ta haka a ke ƙona fis, wani lokaci har da makunni.

Duba tukuna kafin ka kwance

Kunna fitilun fakin, ka zaga mota, ka ƙidaya waɗanda suka kama da waɗanda suka ƙi. Zagayen nan rabin aikin ne.

In guda ɗaya ce ta mutu, sauran na ci, kada ka taɓa makunni, kada ka taɓa batir. Ciwon yana kan reshen fitilar nan kaɗai. Buɗe murfinta, danna ƙwan ciki kaɗan, murɗa hagu, ya fito. Ɗaga shi wajen haske. In zaren ya tsinke, ko gilashin ya yi baƙi, ko ya yi fari kamar madara, ya mutu. In ka yi shakka, ɗauko na ɗaya gefen mai ci ka gwada. In ƙwai mai lafiya ya ƙi kamawa, leƙa cikin gidan. Ruwa ya kan shiga danja ta wajen tsagar murfi, ɗan tagullan da ke taɓa gindin ƙwai ya yi kore, ko ya kwanta ya daina taɓawa. Kashe makunni, ka kankare shi da sanfefa, ka ɗago shi kaɗan da bakin sukudireba. Sa'an nan kunna, ka taɓa shi da ƙusar fitilar gwaji. In ta kama, wuta ta iso, saura hanyar komowa.

In gefe guda ne ya mutu, gaba da baya, duba fis. A motocin Jamus a kan raba layin biyu, hagu da fis nata, dama da nata, don in ɗaya ya ƙone kada mota ta zauna cikin duhu gaba ɗaya. Fis ɗinsu ɗan dogo ne, bakinsa biyu masu tsini, da ɗan siririn ƙarfe a bayansa. Launinsa ke nuna ƙarfinsa: rawaya 5, fari 8, ja 16, shuɗi 25. Sau da yawa bai ƙone ba, bakinsa ne ya yi datti. Mirgina shi a wurinsa da yatsa, sai ka ga fitila ta kama. Na motocin Ingila kuwa na gilashi ne, waɗansu tsofaffinsu ma ba a sa wa fitilun nan fis ko kaɗan ba. Kada ka gaskata ido wajen fis. Bar makunni a kunne, taɓa bakinsa ɗaya da ƙusa, taɓa ɗayan. Duka biyu sun kama, yana da lafiya. Ɗaya kaɗai ya kama, ya ƙone ko bai zauna daidai ba. Ba wanda ya kama, to, ciwon yana can baya, wajen makunni.

In duka suka mutu, kunna manyan fitilu. In sun kama, wuta na isa makunni, ashe ba laifin batir. Zaro makunnin ka duba bayansa. A motar Jamus za ka ga lambobi a jikin ƙafafunsa. Ta 30 daga batir ta ke, kullum da wuta a kanta. Ta 58 ita ce ta fitilun fakin, ta 56 ta manyan fitilu, 31 kuwa duk inda ka gan ta hanyar komowa ce. In 30 na da wuta, ka murɗa sau ɗaya 58 ba ta samu ba, sa'an nan ne za ka ce makunni ya lalace. Kafin haka kada ka ba da kuɗinka.

Saura in gaba na ci, baya duka ba ta ci, fis kuwa lafiya. Wayar da ke kai wuta baya doguwa ce, ta kai wajen ƙafa 20, tana bin ƙarfen ƙarƙashin mota cikin laka. Ba sai ka fere ta duka ba. Nemi mahaɗi wajen tsakiyarta ka gwada. In akwai wuta, ciwon yana tsakanin nan da baya. In babu, yana tsakanin nan da gaba. Ka sake raba wannan rabin biyu. Gwaji uku ko huɗu sun kai ka wurin. Ka fi zargin inda aka taɓa yin ɗauri aka naɗe da tef, da inda waya ta ratsa huda a ƙarfe, da inda kafinta ya buga ƙusa. Motar hatsi kuma ba ta rabuwa da ɓera, shi kuwa yana son robar waya.

Sa'ad da fitilu suka ruɗe

Akwai wani ciwo da kan sa direba ya ce an yi wa motarsa sammu. Danja na ci, ka taka birki, maimakon ta ƙara haske sai ta mutu. Ko ka sa sigina, sai fitilun baya duka su riƙa lumshewa tare. Ba sammu ba ne, ga dalilinsa.

A motoci da yawa ƙwai guda ne ke aikin danja da na birki. Zare biyu ne a cikinsa, siriri mai wat 5 na fakin, mai kauri mai wat 21 na birki, hanyar komowarsu kuwa ɗaya ce, watau jikin ƙwan. In tsatsa ta toshe hanyar nan, wutar fakin ba ta haƙura. Sai ta ratsa zarenta, ta shiga zaren birki ta baya, ta bi wayar birki zuwa fitilar ɗaya gefen, ta koma gida ta can. Don haka danja ke ci, ka ce lafiya. Da ka taka birki, sai wata wutar ta taho ta wayar nan da ƙarfi daidai da nata, su yi karo, ba mai wucewa, ƙwai ya mutu. Direban da ke bayanka, a daidai lokacin da ya fi bukatar ganinka, sai ka ɓace masa.

Gwajinsa ba wuya. Ɗauki guntun waya, bakin ɗaya a ƙarfe mai tsabta, ɗaya ka taɓa jikin gidan ƙwai. In haske ya ƙaru, ruɗanin ya tafi, ka kama ɓarawonka. Kwance notin fitilar, ka goge ƙarfen da sanfefa har ya yi ƙyalli, ka ɗaure tam, sa'an nan ka shafa giris a bisa don kada ruwa ya koma. Abin da ya fi wannan, ka ja wa kowace danja wayar komowa tata zuwa babban ƙarfen ƙarƙashin mota. In fitilun gaba ne ke wannan hali, duba saƙaƙƙiyar wayar nan da ta haɗa kan mota da ƙarfen ƙasa, gama kan mota bisa roba ya ke zaune.

Ƙwan nan mai zare biyu yana da ɗigo biyu a gindinsa, ƙananan kunnuwansa biyu kuma ɗaya ta fi ɗaya tudu, don kada ya shiga a juye. In ya ƙi shiga kada ka tilasta shi, juya shi. In kuwa aka cusa ƙwai mai ɗigo ɗaya a gidan mai biyu, sai ya haɗe layin birki da na fakin, ka taka birki fitilun gaba su kama. Sababbin ƙwayayen nan da a ke kira LED ba su cin wuta da yawa, amma waɗansunsu ta fuska ɗaya kaɗai su ke karɓarta. Ka tuna da wannan in motarka tsohuwar ƙirar Ingila ce, don har wajen tsakiyar shekarun 1960 kan batir mai alamar + a ke ɗaurewa a ƙarfe a yawancinsu, akasin motocin yanzu.

In fis ya yi ta ƙonewa

Ga ɗan lissafi. Ka raba wat da bolt, abin da ya fita shi ne yawan wutar da ke gudu cikin waya, sunan ma'auninsa amfa, shi ne lambar da ke jikin fis. Ƙwai 5, kowane wat 5, wat 25 ke nan. Raba 25 da 12, ka sami 2 da 'yan kai. Fis mai 8 ya ɗauki wannan ba wahala. Batir mai lafiya ma ya kwana da wannan kaya ya tayar da inji da safe, abin da ba zai iya da manyan fitilu ba. To, in fis mai 8 ya ƙone, ba banza ba. Ko an yi wa layin lodi fiye da kima, ko wuta ta sami ɓarauniyar hanya.

Lodi ya kan zo ta wajen ado. Direbobi na son jera ƙananan fitilu masu launi a jikin bodi, a kan kuwa ɗauko musu wuta daga wayar danja. Ƙwai 20 masu wat 5 wat 100 ne, raba da 12, ya haura 8 tun ba a sa fitilun asali ba. Fis zai yi ta mutuwa, makunni ya yi ta zafi har ya narke. Mai son ado ya sa rewaya ya ja musu wayarsu dabam da fis nasu.

Ɓarauniyar hanya kuwa ita ce inda robar waya ta goge, tagulla ya taɓa ƙarfe, wuta ta koma gida ba ta ratsa ƙwai ba. Ba abin da zai tare ta, sai ta kwararo da yawa. An yi fis da rauni ne don ya mutu a madadin waya. Wanda ya naɗe shi da takardar kwalin taba mai ƙyalli, ko ya ɗaura wayar tagulla a gurbinsa, ko ya sa shuɗi inda fari ya ke, bai gyara kome ba. Wayar ce za ta yi ja, ta narke robar 'yan'uwanta da ke ɗaure tare da ita, ƙarƙashin busasshen katako, a bisa kuwa ga auduga ko buhunan gyaɗa.

Ga yadda za ka neme ta ba ka ƙona fis ko ɗaya ba. Cire mataccen fis. Cire dukan ƙwayayen layin nan, har da na lamba da na agoguna. Haɗa fitilar gwaji a gurbin fis, waya ɗaya a kowane baki, ka kunna makunni. Tun da ba ƙwai a layin, bai kamata ta kama ba. In ta kama, wuta na zurarewa a wani wuri. Sa yaro ya zuba mata ido, kai kuwa ka bi waya kana girgiza ta kaɗan kaɗan, kana raba mahaɗai ɗaya bayan ɗaya. Inda ka taɓa yaro ya ce ta mutu, nan ne.

Wajen bin waya launi na taimako, amma da tarko a ciki. A motar Jamus waya mai ruwan ƙasa ta komowa ce, ta fitilun fakin kuwa yawanci toka-toka ce. A motar Ingila ta komowa baƙa ce, ta fakin ja, mai ruwan ƙasa kuwa kai tsaye daga batir ta ke, ba fis a kanta. Wanda ya saba da Mercedes, ya zo ga Bedford ya ɗaure mai ruwan ƙasa a ƙarfe, hayaƙi zai gani. Bayan haka, motar da ta ratsa hannun masu gyara goma kowa da irin wayar da ya samu ya yi ɗauri. Taɓa da ƙusa tukuna, sa'an nan ka yarda da launi.

In ka sami wurin, kashe makunni, ka cire kan batir wanda ke haɗe da ƙarfe kafin ka sa wuƙa. Yanke ɓataccen wurin har ka iske tagulla mai ƙyalli, don wanda ya yi baƙi ko kore ba ya riƙe ɗauri. Sa waya mai kauri daidai da ta da, ko wadda ta fi ta. Murɗawa da hannu kaɗai ba ta jure girgizar hanya, a like da dalma in da hali, a naɗe da tef sosai. Inda ta ratsa huda sa mata guntun tiyo, ka ɗaure ta nesa da salansa da duk abin da ke motsi. Mai da ƙwayaye, sa fis mai lamba daidai da na asali, mai da kan batir. Sa'an nan ka tsai da yaro a baya, ka kunna fakin, ka taka birki, ka sa sigina hagu da dama, ka yi su duka tare, yana gaya maka abin da ya gani. Goge jajayen murafun da tsumma, don laka kaɗai ta isa ta cinye hasken ƙwan wat 5. Ka ajiye ƙwai biyu da fis biyu cikin gwangwani tare da fitilar gwajinka, ƙarƙashin kujera.